Shekarar da Innarku Ta Koyi Rubuta Tamanin

Makon jiya ɗiyar Isuhu ta kira ni a waya daga Yamai. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce mushensu, wato malaminsu na makaranta, ya ba su aikin gida, tana so ta san ko quatre-vingts, tamanin a Faransanci, da harafin es ake rubuta shi a ƙarshe ko babu. Na ce mata ya danganta da abin da ya biyo bayansa, na yi mata bayani, ta ce ta gane, ta kashe. Ni kuwa na daɗe zaune da wayar a hannu, domin wannan tambayar, da irin wannan gaggawar, na taɓa jin ta a bakin kakarta, innarku Rabi, Allah ya jiƙanta, a tsakar gidanmu na haya a Sabon Garin Tawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku labarin shekarar nan, ku ukun, Isuhu da Ali da Dije. Na san abin da kuka tashi kuna ji a bakin dangi. Wasu sun ce muku yaji ta yi ta tafi Damagaram, aka rufa asiri da sunan karatu. Wasu sun ce son aiki ne ya rufe mata ido. Masu faɗin haka ba su kwana gidan ba. Ni ina ciki, kuma cikin manyan da aka yi abin a gabansu ni kaɗai na rage.

Lokacin ina koyar da ajin ƙarshe na firamare, masu shirin sartifika, takardar shaidar gama firamare. Gidan ɗaki uku ne da rumfa, da dogon yaro guda a tsakiya wanda mai gidan ya hana a sare masa ko reshe. Iya, mahaifiyata, ta dawo wurinmu daga Barmu bayan rasuwar babanmu. Ta zo da ƙwaryar furarta da damin kaba, domin a cewarta hannun da ya saba saƙar tabarma in ya zauna banza, baki ne ke karɓar aikin. Isuhu ya shiga lakwal, wato makarantar boko, Ali yana yawo ba ya yarda da wando, ke kuma Dije kina goye, wuyanki bai ma tsaya ba. Innarku ƴar Tebaram ce. Ta yi lakwal a can har ta kusa ajin ƙarshe, sai ciwo ya kwantar da mahaifiyarta, ita ce babbar mace a ɗakin, ta ajiye allo ta ɗauki taɓarya. Ba wanda ya tilasta mata, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Abin da na lura da shi kawai, in na dawo da littattafan rubutun yara zan gyara, takan jawo faifai ta zauna kusa da ni tana tsintar wake, amma idonta ba a kan waken yake ba.

Katanga ɗaya ta raba mu da Madan Rifkatu, Kirista daga wajen Maradi, ungozoma a asibitin haihuwa. Mukan aika musu naman layya, su kuma su aiko mana shinkafa da kaza ranar Nowel, wato Kirsimeti. Wata rana da damina, bayan azahar, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwari ya cika ya raba unguwarmu da cikin gari, sai naƙuda ta kama matar wani mai gyaran keke a bayan gidanmu. Madan tana gida amma ba ta da mataimaki, ta leƙo ta kan katanga ta kira innarku. Ban san abin da ya gudana a ɗakin ba, ba wurin maza ba ne. Na dai san an sha wuya, kuma uwa da ɗa sun fita lafiya. Washegari Madan ta shigo gidanmu, ta durƙusa ta gaida Iya, sannan ta juyo gare ni.

"Mushe, matarka tana da hannu. Jini bai firgita ta ba, kuma abin da na faɗa sau ɗaya ba ta sake tambaya. Akwai makarantar aikin asibiti a Damagaram, suna ɗaukar mai sartifika in ta ci jarrabawar shiga. Kana koya wa ƴaƴan mutane, ga taka a gida zaune."

Na dubi innarku, ta sunkuyar da kai tana gyara goyo. Iya ce ta amsa.

"Madan, mace da ɗiya ukku ta koma lakwal? A zaunar da ita cikin yara tana ɗaga hannu?"

"Ba sai ta shiga aji ba, Iya. A gida za ta yi karatu, ranar jarrabawa ta je ta rubuta."

"To, ku kunka sani," in ji Iya, ta ci gaba da saƙarta.

Sai da ta kawo mini abinci da magariba innarku ta yi magana, a hankali, tana zuba ruwa a moɗa.

"Mushe, in ba ka jin kunya, ni ba ni ji."

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar, in na dawo daga lakwal, sai a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, ta ɗauko allon Isuhu da guntun alli. Lissafi bai ba ta wuya ba, sau da yawa takan ba ni amsa kafin in gama karanta tambaya. Tarihi da labarin ƙasa ta haddace su tana daka. Inda aka yi gumurzu dikte ne, wato in karanta da baki ta rubuta. A zamaninmu kuskure biyar a dikte sifiri ne, sifiri a dikte kuwa yana kayar da mutum ko da ya ci sauran duka. Cikin ƴan watanni ta gyara yawancin kurakuranta, sai wuri guda ya ƙi, wurin rubuta lambobi da haruffa. A Faransanci lamba in ta zo gaban suna aikin siffa take yi, tana faɗin yawan abu ko matsayinsa a jeri. Na riga na koya mata cewa siffa tana bin sunanta, in suna ya zama jam'i a ƙara mata es. Ta riƙe wannan gam. Ranar da na karanta mata les quatre enfants, ta rubuta quatre da es a ƙarshe, na ja masa layi.

"Mi ya yi? Yara huɗu ba jam'i na ba? Kai kac ce in abu ya hi ɗaya a sa mishi es."

"An sa ma enfants. Quatre ba shi ɗauka, lambobi ba su canzawa."

"Dut?"

"Ban da un, da ka zama une in abin mace ta. Ban da vingt da cent kuma, wani lokaci."

"Wane lokaci?"

Na yi mata bayani kamar yadda nake yi wa yara a aji. Vingt, ashirin, da cent, ɗari, suna ɗaukar es in an ninka su kuma babu wata lamba a bayansu. Awaki tamanin, quatre-vingts chèvres, da es. Awaki tamanin da uku, quatre-vingt-trois chèvres, babu. Raguna ɗari biyu, deux cents moutons, da es. Ɗari biyu da goma, deux cent dix, babu. Yara a aji in na faɗi haka rubutawa kawai suke yi. Ita sai ta ajiye allin.

"Tsaya, Mushe. Awaki tamanin, da es. An ƙaro ukku, garke ya ƙaru, sai a ɗebe es ɗin? Dukiya ta ƙaru, harahi ya ragu?"

"Haka dokar take."

"Wa ya sa ta?"

"Wasu mutane can, sun daɗe da mutuwa."

"Da sun taɓa kiwo da ba su yi haka ba."

Shekara da shekaru ina koyar da wannan doka, ba wanda ya taɓa tambayata dalilinta, ni ma ban taɓa tambayar kaina ba. Iya tana gefe tana saƙa kamar ba ta ji, sai ta ce a fassara mata abin da muke gardama a kai. Innarku ta gaya mata cewa Faransawa ba su da kalmar tamanin, ashirin huɗu suke cewa, saba'in kuma sittin da goma, casa'in ashirin huɗu da goma. Iya ta tsayar da hannu ta dube ni.

"Mutanen da ba su da tamanin su na sunka mallake mu?"

Daga ranar Iya ta shiga karatun ba tare da an gayyace ta ba. Ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma ta gane cewa duk rigimar a kan wani abu ce mai suna es. Da zarar ta ji na ambaci lamba, ta ga innarku ta tsaya tana tunani da alli a baki, sai ta ce daga inda take zaune, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Sa mishi es," ko kuma, "Wanga ba shi da shi." Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kuskure. Ranar da ta dace, har maƙwabta sai sun ji labari. Ali kuma ya raɗa wa akuyarmu suna Katarban, yadda kunnensa ya ji quatre-vingts, sunan ya bi ta har aka sayar da ita. Cikin lambobin duka innarku mille ta fi so, wato dubu, domin na gaya mata shi ba ya ɗaukar es ko sau nawa aka ninka shi.

"Wanga shi na dattijo," in ji ta. "Ko gaban wa, maganarshi guda."

Ina tuna waɗannan la'asar ɗin fiye da yadda nake tuna abin da na ci jiya. Inuwar bishiyar tana tafiya har ta hau katangar Madan, mu kuma muna jan tabarma muna bin ta. Ana jin kukan shanu masu dawowa daga kasuwar dabbobi, da muryar Buzuwar da ke zagayawa da cuku. Ke Dije kina kan cinyarta kina ƙoƙarin cin alli, ta ƙwace da hagu tana rubutu da dama. In miya ta kusa ƙonewa ta tashi da gudu, tana can madafa tana amsa mini tambaya da ƙarfi. Ban san ina cikin kwanakin da suka fi daɗi a rayuwata ba, na ɗauka aiki nake yi.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske. Da bazara ne, jarrabawa ta matso, zafi ya sa kowa ya ƙagu. Na karanta mata page quatre-vingt, wato shafi na tamanin. Ta duba, an ninka ashirin, babu lamba a baya, ta sa es ɗinta da ƙarfin zuciya. Na ja layi. Ta ce ai ta bi doka. Na ce a nan dokar ba ta aiki, kuma saboda gajiya ban tsaya na yi bayani ba, na ce ta haddace kawai. Ta ajiye allon a hankali, ta ɗauke ki, ta shiga ɗaki. Kwanaki suka wuce ba a shimfiɗa tabarma ba. Tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwa, amma allon yana rataye. Iya ma ta daina yi mini magana sai ta dole, kamar ni na ƙirƙiro Faransanci. Wata safiya ina ɗaure igiyar takalmi zan fita, innarku tana daka, sai na ji taɓaryar ta tsaya.

"Mushe, shahin nan guda ɗaya na, ko? Ba shahi tamanin anka tara ba, guda na da ka zaune wuri na tamanin cikin layi."

"Haka na."

"To mi zai kai es wurin abu guda? Da ka hwaɗi haka tun ranar."

Ta ci gaba da dakanta. Da la'asar na dawo na tarar da tabarma a shimfiɗe. Ta ce wannan ce doka ta farko a Faransanci da ta ga tana da hankali. Daga baya irin bayaninta na riƙa yi wa ɗalibaina har na bar aiki.

Ranar jarrabawa ni an tura ni tsaron wata makaranta dabam, ban ga shigarta ba. Madan Rifkatu ce ta ba ni labari. Ta ce innarku ta zauna a bencin da gwiwarta ba ta shiga ƙarƙashinsa, yara suna waiwaye suna ƙus-ƙus, wasu sun ɗauka mai tsaro ce. Iya kuma, wadda ta ce ba za a zaunar da surukarta cikin yara ba, ita ta goya ki ta bi ta har can, ta zauna gindin wani gawo a bakin makarantar, in an fito hutu ta miƙa ki a ba ki nono. Da yamma na tarar da innarku zaune ta haɗe rai, na ce ko dikten ya yi wuya.

"Wata da watanni, Mushe. Ko vingt guda ba su kawo ba, balle cent. Deux kaɗai, shi ma sau ɗaya."

"Kin sa mishi es?" in ji Iya.

"Iks gare shi, Iya."

"To, wanga kuma sabo na."

Ta ci sartifika. Bayan ƴan makonni ta rubuta jarrabawar shiga makarantar Damagaram, ita ma ta ci. Muna cikin murna sai abubuwa biyu suka zo kusan tare. Na farko, Madan ta binciko cewa karatun shekara biyu ne, ɗalibai a cikin makaranta suke kwana, kuma ba a yarda da goyo. Ke Dije saura ƴan watanni a yaye ki. Na biyu, aka kira ni ofis aka ce an ba ni darakta na wata makaranta a Tebaram. Duk malamin firamare wannan yake jira, kuma Tebaram garin innarku ne, ga danginta, ga gonar babanta. Amma ba yadda za a haɗa biyun. Tebaram ta wancan lokaci ruwa da nisa, asibiti da nisa, in damina ta kama hanya sai a yi kwanaki mota ba ta shiga ba. Ba zan kai tsohuwa da yara uku can babu uwarsu ba. Ko dai mu tafi Tebaram gaba ɗaya a manta da Damagaram, ko ita ta tafi ni in zauna Tawa a matsayina, inda Madan take kusa kuma ake samun motar gabas.

Yayana Alhassan, wanda kuka sani da fataucin dabbobi, ya zo takanas. Bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ya zauna ya sha fura, ya kira ni waje.

"Hamidu, an yi karatu, an ci, kowa ya gani, Allah shi yi albarka. Amma gida ba shi zama da ƙahwa sama. Allah ya ba ka girma, ka ce ba ka so don mata ta tahi lakwal? Mi za ka ce ma mutane?"

Rabin zuciyata tana tare da shi. Ina son daraktan nan, kada wani ya gaya muku ba na so.

Ga abin da nake so ku riƙe, musamman ke Dije. Innarku da bakinta ta ce ta fasa. Ba wanda ya matsa mata. Wata safiya tana dama kunu, kina riƙe da zanenta kina koyon tsayuwa, ta ce mini ba tare da ta dube ni ba:

"Mushe, ka amsa musu Tebaram. Na samu sartifika, ta ishe ni. Ba ni iya barin yarinyar ga."

Na ji sanyi a raina, na kuma ji kunyar sanyin da na ji. Na buɗe baki zan ce to, sai Iya ta yi gyaran murya daga ƙofar ɗakinta.

"Shekara guda kuna cika min kunne da es, yanzu ku ce banza ta? Zo nan, Rabi."

Innarku ta je ta durƙusa.  Sai Iya ta ambaci sunan da ban ji a bakinta ba tun ina saurayi, sunan Hajo, ƙanwata da ke bi na. Hajo ta rasu a kan amalanke tsakanin Barmu da Tawa, a naƙudarta ta fari, kanta a kan cinyar Iya.

"Da akwai mai hannu irin naki Barmu ranar nan, da ba mu hau amalanke ba. Ɗiyar ga ni ka riƙon ta, ba yau na hwara yaye ba. Za ta yi kuka, za ki yi kuka, ba wadda za ta mutu." Ta juyo gare ni. "Kai kuma, darakta ba shi ƙarewa duniya."

A nan Iya ba ta faɗi daidai ba. Da na je na ce ba zan karɓa ba, ba a sake yi mini tayi ba sai da furfura ta cika mini kai, waɗanda na koyar ma wasu sun riga ni. Ban yi nadama ba, amma na ji shi, kuma na daɗe ina jin shi.

Ranar tafiya da hantsi Iya ta goya ki ta shiga gidan Madan don kada ki ga fitar innarku. Ni na ɗauki akwatinta na ƙarfe zuwa tasha, Isuhu da Ali suna biye, su murna suke yi za su ga mota. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta yi ta ba ni umarni har mota ta cika, inda ta ajiye daddawa, wandon Ali da ke wurin tela, kada a ba ki ruwan randar waje. Sai bayan shekaru ta gaya mini cewa ta ɗaure ƙirjinta da ɗankwali, amma kafin su kai Ƙonni rigarta ta jiƙe da nono, wata tsohuwa da ke kusa da ita ta tambaye ta ko jaririn rasuwa ya yi. Ta ce a Madawa ta sauka da akwatinta da niyyar ta juyo, ta tsaya bakin hanya har direba ya yi mata tsawa, sannan ta koma ciki.

Shekara biyun nan ba zan ce muku sun yi sauƙi ba. Ke Dije kin yi makonni kina kuka kina ƙin kunu, Iya tana zagaya tsakar gida da ke tana waƙa har muryarta ta dushe. Na koyi tuƙa tuwo, na farkon ko Katarban ba ta ci ba. A majalisar da nake zama bayan sallar la'asar aka fara kirana mijin ƴar lakwal, ana dariya ina dariya, daga baya na daina zuwa. Madan Rifkatu ta yi mana abin da dangi na jini ba su yi ba, ita ke yi miki kitso, ita ke duba ku in jiki ya yi zafi. Iya kuwa a shekarun nan ta tsufa. Ta zo Tawa tana ɗaukar tulu, kafin innarku ta gama sai da sanda take zuwa bayan gida. Babban hutu da muka sa rai innarku za ta zo, aka tura su aikin gwaji a wani asibitin ƙauye. Sau ɗaya ta zo, lokacin da ƙyanda ta kama ki na aika mata. Ta roƙi izini ta kwana a hanya, ta iso idanunki a rufe ba ki san wanda ke kanki ba. Ita ta yi jinyarki, ba ta ko cire kayan tafiya ba. Ranar da zazzaɓin ya sauka kika samu barci, ranar izininta ya ƙare. Kin farka kin ga Iya. Na sha jin kina ba da labarin yadda Iya ta yi jinyar ƙyandarki, kina tuna hannu mai sanyi a goshinki. Iya ta yi miki abubuwa da yawa, amma wannan hannun ba nata ba ne.

Da ta gama aka turo ta asibitin haihuwa na Tawa, ƙarƙashin Madan Rifkatu. Daga baya ta yi shekaru tana zuwa Barmu ranar kasuwa tana duba masu ciki, kuma kun san yawan ƴan matan da aka sa wa sunanta. Ranar da ta dawo unguwa ta cika gidanmu, mata suna shigowa suna cewa Madan ta dawo, sannu da zuwa Madan, domin duk macen da ke aikin asibiti haka ake kiranta. Isuhu da Ali suka faɗa jikinta. Ke kika ɓuya bayan Iya, wadda kike kira Inna, kina leƙen baƙuwa. Ta miƙo hannu, kika ƙara shigewa. Ta fito da ƴar tsana da ta saya miki, kika karɓa ta hannun Iya. Ba ta matsa miki ba. Kullum in ta dawo aiki sai ta zauna a tabarma inda za ki gan ta, ta yi ta ƴan aikace-aikacenta, ke kina zagaya ta daga nesa kamar yadda kaza ke zagaya baƙon abu. In an zuba abinci ki ɗauki naki ki kai ɗakin Iya. Aka yi makonni a haka. Ina ganin yadda take bin ki da ido, in ta lura ina kallonta sai ta sami abin yi.

Wata la'asar Iya ta tafi gaisuwar rasuwa, kina wasa a bakin ƙofa kika taka ƙaya. Kika shigo kina ɗingishi, kika duba ɗakin Iya babu kowa, kika dube ni, ina riƙe da jan biro da tarin littattafai. Sai kika juya wurinta, kika tsaya ɗan nesa da ƙafa ɗaya a sama.

"Madan, ƙaya."

Na ajiye biron, na ce ke, wannan innarki ce, ita ta haife ki. Ta ɗaga mini hannu ba tare da ta kalle ni ba.

"Bar ta, Mushe. Kirana ta yi."

Ta ɗora ki a cinya, ta ciro allura daga bakin ɗankwalinta, ta daɗe tana cire ƙayar nan fiye da yadda aikin yake bukata. Da ta gama ba ki sauka ba, ita ma ba ta motsa ba, har aka kira magariba tuwo bai hau wuta ba.

Kin ci gaba da kiranta Madan har ranar da muka kai ta makwancinta, ƴan'uwanki suna cewa Inna. Sau da yawa na so in sa baki, ta hana ni. A duk shekarun nan ban taɓa jin kin kira sau biyu ba kafin ta amsa.